Igiyar Fanka a Tsohon Bariki

A tsohon barikin Turawa da ke hanyar Faskari, wanda yanzu ya zama gidan tarihi, baƙi ba su da yawa. Yau ma daga ni sai mai gadi, sai wani tsoho da acaba ya sauke.

Dogo ne, ya ɗan ranƙwafa, shuɗiyar rigarsa ta koɗe a kafaɗa. Hotuna da tsofaffin bindigogin da aka jera ba su dame shi ba. Tun daga gindin dogon yaro ya tuɓe takalmi, ya zagaya bayan ginin, ya zauna a ƙasa kusa da wata 'yar kafa a bango. Ta nan igiya ta fito, wadda in an ja, fankar zane da ke rataye a ɗakin take kaɗawa.

"Baba, ku shigo mana, ƙofa a buɗe take," in ji mai gadi.

"Bari dai, Malam. Nan mahaifina ya ƙare ƙuruciyarsa yana ja. Har ya rasu bai ga cikin ɗakin nan ba."

Ban san garinsu ba. Ina jin dai babu sauran wanda zai saurari wannan labari a gidansa.

Ina shiga ɗakin, sai fankar ta motsa bisa teburin da babu kowa. Muryar tsohon ta biyo ta kafar.

"Ɗana, iskar tana isowa kuwa? Shi mahaifina bai taɓa sani ba."