Sa Hannun da Sakinatou Ta Tara

Sakinatou 'yar Damagaram ce, ta biyo mijinta Tassiou zuwa Greensboro ta jihar North Carolina tun kafin Hausawa su yi yawa a garin. Kitso take yi a wani ɗan shago kan High Point Road, kusa da mai sayar da tsofaffin motoci. Mace ce mai saurin hannu da saurin baki. Masu zuwa kitso sun san duk ranar da ranta ya ɓaci, ranar kai zai sha ja.

A ƙarshen 2006 ciwon huhu ya kama Tassiou. Lodin kujeru da gadaje yake yi a wani sito, aikin wucin gadi wanda babu hutun rashin lafiya a ciki. Haka ya riƙa fita da zazzaɓi har ya faɗi a bakin mota. Da aka sallame shi daga asibiti ya koma, ya tarar da wani a gurbinsa. Lauyan da suka gani ya ce irin wannan aikin doka ba ta kare shi.

Sakinatou ta kira yayarta Kaltouma a Columbus tana huci.

"To ku yi dokar mana," in ji Kaltouma. "Mu nan Ohio sa hannu aka tara, aka kai maganar ƙarin albashi ƙuri'a, kuma ta wuce."

Shekara guda ke nan da Sakinatou ta samu takardar zama 'yar ƙasa, don haka ba ta tsaya tambayar kowa ba. Ta nemi Anti Perpetua, 'yar Jos mai kula da tsofaffi, wadda take yi wa kitso, suka rubuta buƙatarsu a taƙaice: kada a kori ma'aikaci don ya kwanta ciwo. Perpetua ta ɗauki coci-coci, ita ta ɗauki ƙofar masallaci bayan Juma'a da tashar bas ta cikin gari. Wanda ya zauna kitso kuwa ba ya tashi sai ya riƙe bik ya sa hannu. Wasu 'yan Nijar sun ji tsoron rubuta adireshinsu, ta rantse musu babu abin da zai same su. Ta shiga har Irving Park, unguwar masu kuɗi, inda aka fi yi mata magana ta bayan ƙofa. Sanyi ya wuce, zafi ya shigo tana wannan aiki, shago rabin yini a rufe.

Ranar da suka kai kwalin takardun ofishin depiten yankinsu, wato ɗan majalisar jiha, wata ma'aikaciya ta ba su ruwa, ta duba shafin farko, ta yi murmushi.

"Kun yi ƙoƙari sosai. Amma a North Carolina babu wannan hanyar. Jama'a ba sa kawo doka ƙuri'a. Majalisa ce kaɗai ke yi."

"Ko mutum nawa suka sa hannu?"

"Ko duk jihar."

Sakinatou ta juya ga Perpetua. "Anti, faɗa mini da Hausa, ƙila Turancin ne ban ji ba."

"Kin ji daidai, 'yar'uwa."

Matar ta ce su bar kwalin, za a ajiye. Sakinatou ta tuna mutanen da ta rantse wa, ta sunkuci kayanta ta fita, ko ruwan ba ta taɓa ba. A mota ba kuka ta yi ba, faɗa ta yi ta yi har gida. Ranar da ta yi rantsuwar zama 'yar ƙasa an ce mata mulki na jama'a ne. Ashe a bakin iyakar Ohio maganar ta tsaya.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne komawa masallaci. Wani dattijo, Alhaji Rabiou, ya tare ta a gaban mutane. "Kin sa mun rubuta sunayenmu a banza. Wa ya aike ki?" Ta mayar wa kowa takardarsa hannu da hannu, wasu ko gaisuwarta ba su amsa ba.

Ba ta haƙura ba. Ta koma neman hanyar kanta, wato a gyara tsarin mulkin jiha a ba jama'a ikon kawo doka. Sai aka gaya mata wannan gyaran ma sai majalisa ta yarda. Ta bi wata ƙungiya zuwa Raleigh, inda majalisar take, ta tare depiten a baranda. Mutum ne mai fara'a, ya saurare ta har ƙarshe.

"Rubuta doka abu ne mai sarƙaƙiya," ya ce. "Shi ya sa kuka zaɓe mu."

"Hankalin da ya ishe ni in zaɓe ka, shi ne bai ishe ni in zaɓi abin da nake so ba?"

Ya ce zai duba, ya shiga lif.

A 2009, lokacin da ake ƙuri'ar tazarce a gida Nijar, Tassiou yana bin labarin a rediyo yana tsaki. Ta ce masa, "Can ma mai mulki ne ke kiran ƙuri'a idan shi yake so. Nan sun fi iya murmushi ne kawai."

Numfashin Tassiou bai koma daidai ba, tasi yake ja. A shekarar ya samu aiki mai sauƙi a Columbus, ya roƙe ta su tashi.

"Malam, ka je ka fara, Allah ya ba da sa'a. Ni a nan aka raina ni."

Ya tafi shi kaɗai, yana zuwa ƙarshen wata. Ita tana shagonta. Duk ɗan takarar da ya leƙo a lokacin zaɓe, tambaya ɗaya take yi masa ba tare da ta ɗaga kai daga kitso ba: zai ba jama'a ikon kawo doka? Idan ya fara kewaye-kewaye, sai ta nuna masa ƙofa da tsinken kitso.