Baba Ɗalha Ba Ya Buɗe Saƙo

Sunana Hajo, ni ce babbar 'yar Malam Ɗalha na Madabo, wanda duk unguwa ke kira Baba Mai Saƙo. Yau watansa biyar a gidan yarin Goron Dutse yana jiran shari'a. Daga ƙofar gidanmu ina hango dutsen, kullum na kalle shi sai zuciyata ta yi baƙi.

Shekara talatin da huɗu Baba yana sana'a ɗaya. Duk Litinin ya hau mota a tashar Ƙofar Ruwa zuwa Damagaram, ranar Alhamis ya dawo. Abin da yake ɗauka saƙon mutane ne: hular da aka ɗinka wa ango, littattafan malamai, yajin mai jego, turaren wuta. Ya dawo da dabino da cuku da gaisuwar dangi. Ba ya rubuta sunan kowa, da ƙullin yake gane mai kaya. Yakan ce ƙullin Hajiya wance kamar ta ɗaure ɓarawo, na wane kuwa iska ma kwance shi take yi. Ko allura ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba.

Dokarsa ɗaya ce, ba ya buɗe saƙo. A wurinsa wanda ya kwance ƙullin wani ya ce masa maƙaryaci ne. Ina ƙarama na taɓa zura yatsa cikin wani ƙunshi mai ƙamshin alkaki. Bai dake ni ba, kwana uku ya yi bai amsa gaisuwata ba, da ma dukan ya yi.

Da zamani ya canja na yi ta yi masa magana. "Baba, kana jin rediyo. Ƙwaya ake kamawa a cikin buhun barkono, a cikin tayar mota. Ka riƙa dubawa."

"Hajo, mutanen da nake ɗaukar wa kaya na san kakanninsu."

"Ka san kakannin, Baba. Jikokin fa?"

Dariya ya yi, ya ce bakina ya fi jikina girma.

Wata Litinin jami'an hana fataucin miyagun ƙwayoyi suka tare motarsu a hanyar Daura. Suka nemi mai wani kwali da aka naɗe da buhu, Baba ya ɗaga hannu da saurinsa, har yana roƙon su bi a hankali don littattafai ne. Littattafan suna nan a sama. A ƙarƙashinsu tiramadol ce, katin ƙwaya a jere har ƙasan kwalin.

Ban ga laifin jami'an ba, aikinsu suka yi. Ni ma na ga yadda ƙwayar nan ta mai da samarin lungunmu, suna tafe suna layi da rana tsaka. Amma doka ba ta san ƙulli ba. Tambayarta ita ce a hannun wa aka samu, kuma wa ya ba ka. Ta farko Baba ya amsa. Ta biyun ya rufe baki.

Ya san mai kwalin sarai, ni ma na sani. Nazeer ne, autan marigayi Malam Ashafa na Shahuci. A zauren Malam Ashafa Baba ya yi karatu tun yana maraya, a gidan ya ci ya sha, Malam ne ya yi masa aure da mahaifiyata. Har gobe in zai wuce ƙofar gidan sai ya cire takalmi.

Lauyanmu, Barista Abdulhakeem, ya gaya mini ba ɓoye-ɓoye. In Baba ya faɗi wanda ya ba shi, aka bincika aka tabbatar, akwai fata. In ya yi shiru, kayan nasa ne, kuma shekarun da za a yanke masa sun fi waɗanda suka rage masa. Na ce to ni zan faɗa. Ya ce ba ni aka miƙa wa kwalin ba, maganata jita-jita ce.

Mutum mai shekara sittin da bakwai, ga ciwon suga. Duk ziyara sai na tarar ƙafarsa ta ƙara kumbura. Na yi roƙo, na yi kuka, har na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba.

"Baba, mutuwa za ka yi a nan saboda yaron da ko leƙo ka bai yi ba!"

"In kai ɗan Malam gaban alƙali? Da wane ido zan kalli Malam ranar gobe ƙiyama?"

"Mu kuma da wane ido za ka kalle mu?"

Ya sunkuyar da kai yana murza yatsunsa. Wallahi a ranar na ji haushinsa kamar in shaƙe shi, na kuma ji tausayinsa kamar in goya shi in fito da shi.

Saura kwana shida a koma kotu na yafa mayafi na tafi Shahuci. Hajiya 'Yardada, matar marigayin, ta karɓe ni da fara'a, har da kawo fura. Na durƙusa na ce, "Hajiya, ku taimake mu. Ku sa Nazeer ya fito ya faɗi gaskiya."

Ta ce Nazeer ya yi tafiya, ba ta san ranar dawowarsa ba. Alhali takalmansa na gani a ƙofar ɗaki. Sai ta shiga ciki ta fito da ɗan ƙunshi a farin ƙyalle. "Ungo, 'yata, ki kai wa babanki. Ki ce ina gaishe shi, Malam ma da yana raye da ya yi alfahari da shi."

A gabanta na kwance ƙullin. Ta zaro ido, "Ke Hajo! 'Yar Ɗalha ce ke buɗe saƙo?"

Na ce, "Rashin buɗewar ne ya kai shi inda yake, Hajiya."

Carbin Malam Ashafa ne, baƙi, duk ya sha hannu. Na san shi, Baba ya sha ba mu labarinsa. Nan take na gane abin da ake nufi. In carbin nan ya shiga hannun Baba, ko wuƙa aka sa masa a wuya ba zai ambaci Nazeer ba.

Ranar ziyara na kai masa tuwon alkama da maganinsa. Da ƙyar ya tako, yana dafa bango. Bayan mun gaisa ya ce, "Na ji an ce kin je gidan Malam."

"Na je."

"Ba su ba ki wani saƙo ba?"

Carbin yana ƙasan akwatina a gida, amma ji na yi kamar a wuyana yake. Na dubi ƙafafunsa da suka ƙi shiga silifa.

"Babu, Baba."

"Ko gaisuwa?"

"Ko gaisuwa."

Ban taɓa ganin hawayen mahaifina ba sai ranar, suna bin furfurar gemunsa bai ko share ba. Bai yi zargin komai ba, don a saninsa jininsa ba ya cin saƙo.

Da mai gadi ya ce lokaci ya yi, Baba ya miƙe, ya yi taku biyu, ya juyo.

"Hajo, ki ce wa lauyan nan ya zo gobe. Ya zo da biro."

Na fito na zauna a gindin dutsen na yi kuka har na gode Allah. Ban san ko maganar tasa za ta fitar da shi ba, lauya ma bai yi mini alkawari ba. Abin da na sani, shekara talatin da huɗu ba a taɓa ɓatar da saƙo a gidanmu ba sai a hannuna, kuma in ya fito da ransa, ni zan miƙa masa carbin in gaya masa ranar da aka ba ni.