Ranar da Na'urar Neman Ƙarfe Ta Tona Kambuna

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, amma bai iya kwashe ranar da na kusa sa a yanka saniyar mutane a Gyallesu ba. Ku da kuke jin ana ce mini Mai Kambu a wurin aikin nan kuna zaton sarauta ce, to ku gyara zama ku ji asalinta.

A tsakiyar shekarun hamsin ne, kafin mulkin kai, farkon damina. Ina aiki a ɗakin gyaran kayan lantarki da ke Tudun Wada. Tsarin wurin shi ne ka fara da ɗan koyo, kana hura gawayi kana miƙo kaya, sannan a yi maka jarrabawa ka zama mai gyara daraja ta uku. Sama da kai akwai ta biyu da ta ɗaya, sai fomen. Ban daɗe da samun daraja ta uku ba, amma in ka ga tafiyata sai ka rantse ni na ƙirƙiro lantarki. Da yamma a majalisa ba ni da aiki sai yi wa mutane dariya, masu cewa akwai aljani a cikin rediyo da masu rataya layu. Kullum maganata ita ce mu 'yan zamani waya muka sani, ba fata ba.

Abin da majalisa ba ta sani ba, tun ranar da na fara aiki Innata ta ɗaura mini kambu a damtse, wai maganin jan lantarki. Wani maƙeri ya ƙera masa zoben baƙin ƙarfe, dukawa suka rufe shi da jar fata. Na ce mata wannan camfi ne. Ta ce to. Ban kuma taɓa cire shi ba, don gaskiya ni ma ina tsoron lantarkin. Shi ya sa ko ana zafi kamar a mutu ba ka ganina sai da riga mai dogon hannu.

Wata Litinin Malam Bulus, malamin dabbobi, mutumin Wusasa, ya shigo da wata na'ura a bayan keke. Asalinta ta sojoji ce, ta neman nakiya a ƙasa, ragowar kayan yaƙi. Akwati ne mai batir, da wani faifai kamar na rufe ƙwarya, da abin sawa a kunne. Doguwar waya ke kai wuta daga akwatin zuwa faifan. In faifan ya kusanci ƙarfe, sai mai saurare ya ji ƙara. Su kuma malaman dabbobi sun samar mata wani aikin: saniya takan haɗiye ƙusa ko guntun waya a cikin ciyawa, sai a ɗora mata faifan a ƙirji a ji ko akwai ƙarfe. In akwai, kuma ta riga ta kwanta, shawarar ita ce a yanka kafin ta zama mushe.

Malam Bulus ya ce na'urar ta mutu, ga kuma saniya tana jiransa. Fomen ɗinmu ya dubi kowa ya ga hannu a cike, sai ya ce in duba.

Irin wannan waya ba a tsakiya take karyewa ba, a wuya take karyewa, inda take lanƙwasa kusa da faifan. Roba tana nan lafiya lau, zaren jan ƙarfen ciki ne ya tsinke. Yadda ake gano wurin shi ne ka sa abin kunnen, ka riƙa murza wayar kaɗan-kaɗan da yatsu har ka ji ƙas. Na gano shi, na yanke, na fere, na haɗa kowane zare da ɗan'uwansa launi da launi, na ɗiga dalma, na naɗe da baƙin tef. Na kawo ƙusa kusa da faifan, na'ura ta yi kuka. Gyaran ya yi kyau, wannan kam ko maƙiyina ya shaida.

Da na tsaya nan da an rabu lafiya. Sai na ce wa fomen ai sabon haɗi ba ya son hannun da bai san shi ba, dole in bi Malam Bulus in riƙe faifan da kaina. Fomen ya dube ni ta saman tabarau, ya ce in tafi. Ya san so nake a gan ni.

Saniyar ta wata dattijuwa ce, Inna Dije mai nono. Ita kaɗai gare ta, da nononta take ci da jikoki marayu. Mun tarar da ita a kwance tana nishi, ta ƙi ci. Mutanen unguwa sun cika wurin, har da mahauci, wanda ba wanda ya aika a kira shi amma ga shi da igiya a kafaɗa.

Nan na buɗe makaranta. Na cire agogona da makullaina a gaban kowa, na ce duk mai wuƙa ko zobe ya ja baya, don wannan inji ba ya ƙarya kuma ba ya jin kunyar kowa. Wani tsoho ya tambaya ko yana jin aljanu, na ce masa Baba ƙarfe kawai yake ji, aljanu sai ku. Aka yi dariya, kaina ya ƙara girma.

Malam Bulus ya zauna kusa da akwatin ya sa abin kunne. Na durƙusa, na lanƙwasa hannu na tura faifan ƙarƙashin ƙirjin saniyar. Nan take ya ɗaga gira. Ya ce in matsa baya, ƙara. In matsa gaba, ƙara. Ya cire abin kunnen, sannan ya gaya wa Inna Dije a hankali cewa akwai ƙarfe, mai girma kuwa, kuma ba ya jin za ta kai gobe.

Tsohuwar ba ta yi kuka ba. Ta dafa wuyan saniyar ta ce, "Malam, a sake dubawa. Ni nake yanko mata ciyawa da hannuna."

Na karɓi abin kunnen don in nuna mata da hujja. Na miƙe hannu sosai na ɗora faifan, shiru. Na lanƙwasa hannu kamar ɗazu, faifan ya dawo dab da damtsena, sai kuka. Na sake miƙewa, shiru. Nan na tuna da zoben ƙarfen kambuna. Na ji kambun yana matse ni kamar yau aka ɗaura shi.

Mahauci ya riga ya fara zarga igiya a ƙafar baya. Ba zan ɓoye muku ba, na yi tunanin in ce haɗin ne ya kwance, a koma Tudun Wada. Amma Malam Bulus ya riga ya yanke magana, kuma yanzun nan na gama rantsuwa inji ba ya ƙarya. In na yi shiru saniya ta tafi. In na yi magana, ga 'yan majalisarmu biyu a tsaye a bakin danga.

Na ce wa mahauci ya dakata. Na naɗe hannun riga har kafaɗa.

Sai tsohon nan ya matso ya leƙa damtsena da kyau, ya ce, "Ɗan zamani, wannan wace irin waya ce?"

Dariyar da aka yi, ina jin an ji ta a Ƙofar Doka. Malam Bulus ya yi ta har da hawaye, ya ce in tuɓe kambun in ba Inna Dije ta riƙe mini can nesa. Ya karɓi faifan ya bi saniyar daga ƙirji har mara, ko ƙis ba a ji ba. Ya danna cikinta ya ce sabuwar ciyawa ce ta kumbura ta, ya ɗura mata man gyaɗa. Washegari ta miƙe. Mahauci ya tafi da igiyarsa, bai yi mini sallama ba.

Kafin in koma wurin aiki labarin ya riga ni isa. Fomen kuwa tambayata ya yi ko sabon haɗin ya saba da hannuna. Na yi wata guda ban leƙa majalisa ba. Da na kai wa Innata ƙara, ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ka gani ko? Kai ka ce camfi ne, ga shi har injin Nasara ya shaida shi." Ta sake ɗaura mini.

Daga ranar na kafa ƙa'idar da nake takura muku da ita. Gwada na'ura da ƙusa rabin gwaji ne. Ka ɗaga ta sama inda babu komai, ka tabbatar ta iya yin shiru, sannan ka laluba jikinka kafin ka laluba na mutane. A sana'ar nan waya takan karye a gyara ta cikin awa ɗaya, amma abin da ka faɗa da bakin inji, mai saniya ɗaya ba ta da inda za ta ɗaukaka ƙara.

Saniyar ta haihu bayan shekara. Inna Dije ta aiko mini da ƙwaryar nono da saƙon cewa namiji ne, kuma ta sa masa suna Kambu.