Gawar da kakata ta jira a binne

Shekarun baya, kakata ta zo daga Basirka ta yi damina a gidanmu a Birnin Kudu. Lokacin na kamu da wani shirin 'yan sanda na Turawa mai fassarar Hausa, har ina ganin da za a ba ni dama, ni ma zan iya kamo ɓarawo daga sawun takalminsa. Bayan la'asar, ruwa na yayyafi a kan kwano, sai ta jawo tabarma ta zauna kusa da ni tana ɓarar gyaɗa.

A shirin an kashe wani saurayi, aka ajiye gawarsa a firjin asibiti. Ni hankalina yana kan wanda ya yi kisan, ita kuwa kullum tambayarta ɗaya.

"Yau dai za su binne shi ko?"

"Inna, bincike ake yi tukuna."

"Wane irin bincike ne zai hana mutum makwancinsa? Ba shi da dangi ne?"

Duk gidan mun san inda tambayar ta fito. Ɗanta na fari, yayan mahaifiyata, ya bi motar shanu zuwa Kudu tun ban zo duniya ba, kuma har yau ba shi ba labarinsa.

Ranar ƙarshe aka kama mai laifin, na miƙe ina tafi. Ita ta zuba wa talabijin ido har rubutu ya gama wucewa. Ba wanka, ba likkafani, ba zaman makoki.

Washegari ƙanshin waina ya tashe ni. Na tarar ta cika faranti tana raba wa maƙwabta sadaka. Na yi dariya na ce, "Inna, wasa ne fa. Mutumin yana can garinsu da ransa."

Ta ce, "Na sani, ban haukace ba. Amma sun kwantar da ɗan mutane sun manta da shi. Nawa ma, in wata tsohuwa ta ga an bar shi haka, ina fata ta soya masa ko guda bakwai ne."

Na karɓi tawa na ci.

Kakata ta rasu, mun kai ta kafin azahar. Har gobe ina kallon irin waɗannan shirye-shirye, sai dai in kowa ya bi ɗan sanda a guje, ni ina tsayawa a ɗakin nan mai sanyi, ina jiran wanda zai zo ya ce nasa ne.