Yadda Inna Geum-rye ta ba magini ɗaki

Ni ne dillalin Inna Pyo Geum-rye tun lokacin da ta sayar da rumfarta ta busasshen kifi a kasuwar birnin Mokpo, ta sayi wani tsohon bene kusa da tashar jiragen ruwa. Kafin ta yarda da ni sai da ta zaunar da ni a ɗakinta, ta cika ni da shayin sha'ir da gasasshen dankali, ta tambaye ni ko mahaifiyata na da rai, da yaushe rabona da ita. Maganar gida ba ta taso ba sai da nake sa takalmi.

Haka take yi wa kowa, mai fenti ne ko ɗan haya. Ga shi kunnenta ya yi nauyi, sai ta ƙura wa mutum ido tana karanta bakinsa.

Wata damina rufin ya fara yoyo, ɗakin sama kuma ba kowa. Na shirya mata ganawa biyu: mai neman haya da safe, magini da yamma. Mai hayar bai zo ba. Maginin, wani dogo mai furfura da ake kira Bang Deok-su, shi kuma ya yi sammako. Inna ta ɗauka ɗan haya ne.

Ta tambaye shi ko yana shan giya, ya ce ya daina. Ta tambayi matarsa, ya ce sun rabu, 'yarsu na hannunta. Da ta tambayi inda yake zaune, ya daɗe yana juya hularsa kafin ya ce tun bazara a motar aikinsa yake kwana. Shi dai a zatonsa haka tsohuwa ke tantance ma'aikata.

Na iso na tarar da makullin ɗakin sama a tafinsa, yana kallonsa kamar an miƙa masa jariri. Na matsa kusa da kunnenta na ce, "Inna, wannan fa magini ne. Rufi ya zo dubawa."

Ta dube ni, ta dube shi. "To, shi magini ba ya barci ne?"

Deok-su ya ce, "Inna, ban zo roƙo ba."

"Wa ya ce kyauta ne, ɗan nan? Za ka biya kamar kowa."

Aikin rufin kuwa ba ta ba shi a ranar ba. Washegari ta sake zaunar da shi, ta titsiye shi da tambayoyi kan kwalta da bututun ruwa har ya yi gumi, ta kira gidajen da ya yi wa aiki, sannan ta amince.

Kafin sanyi ya shiga, kotu ta yarda 'yarsa ta riƙa kwana wurinsa ranar Asabar, tunda yanzu yana da adireshi. Inna ta ɗinka wa yarinyar bargo, amma ta hana ta gudu a matattakala.