Ranar da Na Matse wa Muzuru Wuya

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda ya kamata in riƙe, amma abin da ya faru tsakanina da wani muzuru a gonar dabino ta Al-Awali ba zai bar kaina ba sai ranar da ƙasa ta rufe mini ido.

Ni maƙerin tagulla ne. Daga Sudan na zo, ina da ɗan shago a unguwar Ƙurban, nan ƙasa mai tsarki, inda nake gyaran butar gahawa da tire da kaskon turare. Shagon na wani Alhaji ne, Bahaushe tsohon zama, shi ne kafilina, wato wanda ya tsaya mini nake zaune a ƙasar. Da ya rasu, ni da shagon muka koma hannun ɗansa. Yaron a nan aka haife shi, yana jin Hausa sama-sama, da Larabci yake amsawa. Ba a gama karɓar gaisuwa ba ya fara cewa zai rufe wurin ya mai da shi gidan shan gahawa irin na samari. Iƙamata, takardar izinin zama, ta kusa ƙarewa, ga mata, ga yara a makaranta. In ya rufe, sai dai mu ɗaure kaya.

Wata rana da hantsi ya shigo da kwali a hammata. Ya leƙa waje, ya ga maƙwabcina Bayamane yana zaune a bakin ƙofa, sai ya matso ya yi ƙasa da murya. Abin da bai taɓa yi ba ya yi: ya yi mini Hausa, don kada maƙwabcin ya ji.

"Ya ammi," ya ce, wato baffa, "wannan tagulla na muzurun daji. Wuya babba, ba kyau. Kai matse wuya."

Na buɗe kwalin. Kwanson harsashi ne, sababbi fil, babu albarushi, babu dalma, sai ƙyalli suke. Ban yi mamaki ba. Na sha yi wa mutane tandun kwalli da maratayin makulli da irinsu.

Na ce, "Muzurun yana ina?"

Ya ce, "Babu a kasuwa. Ba mai shi. Ni na farko. Juma'a ka zo gona, mu gwada. In ya yi kyau, shago yana nan, iƙama yana nan."

Har yau in na zauna ina juya maganar nan, ban ga inda na kuskure ba. An ce muzuru, an ce wuya, an ce gona. Yaran masu hali kuma ba abin da ba sa kiwo, wani shaho, wani biri. Na so in ce ya maimaita da Larabci, sai na ga yadda yake murmushi don ya haɗa Hausa baki guda, na ji nauyin kunyata shi. Na ce, "To, an gama."

Washegari na rufe shago na tafi Al-Awali awon wuya. Mai gadin gonar, wani dattijo ɗan Chadi, ya ce lallai akwai wani ƙaton muzuru mai kunne ɗaya da ke cinye musu tattabaru, amma bai san maigida yana sonsa ba. Na ce masa so ma ba kaɗan ba, daga ƙasar waje aka yi masa odar kayan ado. Muka sa kawunan kaji a cikin akwatin dabino, muka laɓe bayan ɗakin injin ruwa cikin rana mai narka ƙwaƙwalwa, manya biyu masu furfura. Da muzurun ya shiga muka rufe. Kamawa ba ita ce wahala ba, awon ne. Na zura hannu da zare, ya tsaga ni daga babban yatsa har gwiwar hannu. Dattijon yana danne da shi da buhu yana ta salati, ni ina zagi, jini na ɗiga. Amma na samu awona.

Na koma shago na yi aiki irin wanda ban taɓa yi wa amarya ba. Kowane kwanso na huda shi ta gindi, na goge, na zana masa ɗan ganye, na jera su a waya mai kauri, na yi maɗauri mai zugewa don a matse yadda aka ce. Matata ta ga abin ta ce ita shekara nawa ban yi mata ko zobe ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar iyalin gidan suna zaune a inuwar dabino. Ni da mai gadi muka ɗauko akwatin muka dire a gaban yaron, na yaye buhun. Muzurun yana zaune yana huci, wuyansa na walƙiya kamar uwar biki.

Na ce, "Ga shi. In ka ga bai matsu ba, akwai sauran huji biyu."

Ya dubi muzurun. Ya dube ni. Ya durƙusa ya ga hujin da ke gindin kowane kwanso, sai ya dafe kai. Hausar ta gudu, Larabci ya ɓalle kamar an fasa bututu. Ya zaro waya ya tura mini a fuska: wani Bature mai gemu yana danna ƙarfe, bakin kwanso yana tsukewa. Ashe akwai masu sha'awar bindigar farauta da ke ɗaukar kwanson babban harsashi su tsuke masa wuya don ya riƙe ƙaramar dalma, su cika da hannunsu, su sami harsashin da babu kamfanin da ke yin irinsa. Shi suke kira muzurun daji a yarensu. Waya ce ta juya masa sunan zuwa Hausa. Watanni ya yi yana jiran kwalin nan.

Ya ce gobe zai buga mini takardar fita, fitar da ba dawowa. Nan take na hango yarana a filin jirgi.

Sai muka ji sanda tana ƙwanƙwasa ƙasa. Hajiya ce, mahaifiyarsa, tsohuwa mai Hausar Kano garau.

"Kai, tsaya. Me ka ce wa bawan Allah nan? Faɗa mini yadda ka faɗa masa, da Hausa."

Ya yi ta inda-inda, ya maimaita.

Ta ce, "To ni da na haife ka, in ka gaya mini haka, muzuru zan nema. Me za ka yi da kwanson nan?"

Ya faɗa, a hankali.

"Harsashi? A gonar ubanka? Ka sami izinin hukuma, ko so kake a kwashe mu har da mai gadi?" Ta juyo gare ni. "Malam, nuna hannun." Na nuna. Ta girgiza kai, ta dubi ɗanta. "Mutum ya ba da fatarsa saboda Hausarka ta waya, kai kuma kana maganar kora. Shagon nan mijina ya buɗe shi. Ranar Lahadi ka sabunta masa iƙama, ka kawo in gani da idona."

Ya ce, "Amma ya ummi..."

"Ummi ta ƙi. Ku saki dabbar nan."

Mai gadi ya ɗaga murfi kafin in ce a cire masa kayan. Muzurun ya haye dabino yana kacau-kacau, tattabaru suka watse. An ce daga ranar bai sake kama ko ɗaya ba, tun daga nesa suke jin zuwansa.

Shagon yana nan, ina ciki, bayana ya fara ciwo. Abin da na koya ba mai yawa ba ne, amma da jinina na saya: in abincin 'ya'yanka ya rataya a kan maganar wani, kada ka ji nauyinsa. Ka sa shi ya faɗa da Hausa, ya faɗa da Larabci, ya nuna da hannu. In ya ambaci dabba kuma, ka ce ya kamo ta da kansa.