Safar Hannun Itsuki

Malama Toshie Kuramochi ta shekara talatin da ɗaya tana aiki a gidan renon yara ɗaya a Akita, ƙasar Japan. Babban yatsanta ya yi kanta saboda riƙon almakashi. Ni kuwa wata tara ke nan da gama jami'a.

A watan Disamba ta bar mini adon bangon ajinmu. Na zana tafin kowane yaro a takarda mai launi, na yanka safar hannu goma sha bakwai na manna. Ashe na manta da Itsuki, wanda ya yi sati uku a asibiti. Ban tuna ba sai da muka hango shi da mahaifiyarsa a bakin ƙofa suna karkaɗe dusar ƙanƙara daga takalmansu.

"Malama Kaho, ba a koya muku ƙirga a jami'ar ba ne?" in ji Malama Toshie. Nan take ta ɓare safa biyar daga bangon ta cusa a aljihu, don kada ya zama tasa kaɗai ce babu.

Da suka shigo ta ce, "Itsuki, kai muke jira, aiki ya tsaya. Kawo hannunka."

Ya zaɓi shuɗiyar takarda ya ɗora tafinsa. Sai da na zana sau biyu kafin ya fito daidai.